Hayaƙin da Yaya Ya Wanke

Yayana ya shekara ashirin da shida yana dafa yashi. Haka nake cewa in an tambaye ni aikinsa, don in na ce yana kula da tukunyar tururi a kamfanin kwali, sai mutum ya gyaɗa kai alhali bai gane komai ba. A kamfanin kowa Baban Tukunya yake ce masa, har manaja. Ni kuwa Yaya nake cewa, kuma ni kaɗai ce nake iya yi masa tsawa ya yi shiru. Aikina a ɗakin ma'auni yake, bakin ƙofar da motocin kwal suke shigowa. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi yawancinsa.

Tukunyar ba irin wadda kuka sani ba ce. Gini ne na ƙarfe mai tsayin bene huɗu. A gindinta akwai yashi da zurfinsa ya kai gwiwa, a ƙarƙashin yashin kuma faranti ne mai ƙananan huji, wata ƙatuwar fanka tana hura iska ta cikinsu. In iskar ta yi ƙarfi sai yashin ya tashi yana tafarfasa kamar ruwa a kan murhu. Cikin wannan yashin ake zuba dakakken kwal, ya ƙone a hankali, ya tafasa ruwan da injinan kwali suke aiki da tururinsa. Akwai wani ɗan gilashi kamar tafin hannu da ake leƙawa. Ranar da na fara leƙawa na ga yashi ja wur yana tsalle, babu harshen wuta, sai wani gurnani da kake ji a haƙoranka. Na ja da baya na ce wa Yaya ni dai ban yarda da wannan abin ba. Ya ce ai shi ma bai yarda da ni ba, amma ga shi muna zaune lafiya.

Yaya ba mai magana ba ne. Dogo ne, siriri, kunnensa na hagu ya ɗan mutu saboda ƙarar fanka, sai ya riƙa karkata kai in ana yi masa zance. Ba ya zama majalisa, ba ya jin ƙwallo, takalminsa na aiki ɗaya ne har ya ƙare. Abu guda ne na san yana ji da shi a rayuwa: bakin bututun hayaƙinsa.

Kusa da kujerarsa akwai wani zagayayyen ƙarfe da suke kira sitiyari, da shi ake ƙara ko rage iskar da ke shiga ta ƙarƙashin yashi. Waɗanda suka kafa tukunyar sun shafa masa jan fenti a inda suka ce a tsaya. Da farko akwai wata ƙaramar fanka a sama, mai hura iska a saman yashin don ta ƙarasa ƙone abin da ya tsere. Shekara uku da fara aiki ta mutu, aka ce za a kawo wata. Daga nan hayaƙi ya soma fita toka-toka, baƙin ƙura yana sauka a unguwar bayan katanga, inda iska take kaɗawa kusan kullum. Yaya ne, da kansa, ba wanda ya koya masa, ya gano cewa in ya murɗa sitiyari juyi uku gaba da jan fentin, hayaƙin yana ɓacewa ɗungurungum. Ka ɗaga kai ka ga bututu tsaye kamar ba a aiki.

Wannan juyi ukun shi ya yi masa suna. Duk wanda ya zo koyon aiki, shi ne karatunsa na farko. Matan bayan katanga in sun gan shi ya taso sai su ce, "Sannu da aiki, Baba, Allah ya bar mana kai." Shi kuma ya sunkuyar da kai, amma ni na san daɗi yake ji. Da aka yanka wa ma'aikata filaye, shi ya zaɓi wanda ya fi kusa da katangar. Ya ce yana so in ya buɗe tagar ɗakinsa ya ga aikin hannunsa.

Matarsa, shekara talatin da aure, Amarya nake ce mata har yau, ita kuma ta ce da ni Uwar Tsiwa. Gajera ce mai fara'a, mai son mutane, kuma ita take wanke zannuwan gadon wani ɗan masauki, farare fat. Igiyoyi biyar ne a tsakar gidanta. In ta shanya su ta tsaya ta riƙe ƙugu, sai ta ce, "Ku zo ku ga aikina da na mijina." Ina sonta, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba, kar kanta ya yi girma.

Tari ya fara mata ne wajen shekara ta takwas a gidan. Da farko muka ce sanyin ruwan wanki ne. Aka ce omo ne, ta canza sabulu. Sannu a hankali numfashinta ya soma yin wani fito siriri, musamman da safe in iska ta tsaya cak. Likita ya ce asma ce, ya ba ta abin shaƙa. Ɗaya a jaka, ɗaya a ƙarƙashin matashi, ɗaya a kicin. Sau biyu muka kwashe ta a guje zuwa asibiti, leɓɓanta sun canza launi, tana damƙe da hannuna har farcenta ya shige ni. Ba ita kaɗai ba ce a layin. Akwai ɗiyar tela, akwai tsohon direban nan na gidan kan kwana, akwai jarirai biyu. Ba wanda ya taɓa duban bututun, don me za a duba? Abin da muke gani kawai, a irin safiyar da ba iska, wani ɗan hazo ne ruwan ƙasa-ƙasa da yake kwanciya can saman rufin unguwar, nesa da bakin bututun. Amarya har cewa take yana da kyau in rana ta haska shi.

Bara ne aka turo wata injiniya daga waje ta auna abin da kamfani yake fitarwa. 'Yar ƙarama ce da tabarau, ta zo da wani akwati mai dogon tiyo. Ni na zata tsani zai gagare ta, sai ga ta can tsakiyar bututu tana cusa tiyon a wani rami. Da ta sauko ta ce tana son wanda zai riƙa rubuta mata lambobi, aka ce a kira ni tunda babu mota a kan ma'auni.

Muka zauna mu uku a ɗakin aikin Yaya. Akwatin ya nuna ɗari huɗu da tamanin. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake dubawa.

"Baba, a ina sitiyarinka yake?"

"Juyi uku gaba da ja," in ji Yaya, har da ɗan gyara zama.

"Don Allah mayar min da shi kan ja, a hankali."

Ya dube ta kamar ta ce ya cire wandonsa, amma ya mayar. Muka zuba wa akwatin ido. Lambar ta soma sauka. Ɗari huɗu, ɗari uku da hamsin, ɗari uku. Ina ta rubutawa. Lambar ta tsaya a ɗari biyu da goma.

"Yanzu ƙara juyi ukun."

Ya ƙara. Lambar ta hau, ba gaggawa, har ta koma inda take.

"Mene ne wannan ɗin, 'yata?" ya tambaya.

Ta jawo kujera kusa da kunnensa mai ji. Ta ce a cikin kwal akwai wani sinadari da ake kira naitirojin, tun kwal ɗin yana itace yake cikinsa. In kwal ya faɗa cikin yashi ya yi zafi, sai ya sake shi. "Daga nan hanya biyu ce, Baba. In iskar gindin tukunya daidai take, ba ta yi yawa ba, yawancinsa fita yake salin-alin, ya koma irin iskar da muke shaƙa kullum. In kuwa ya tarar iska ta yi yawa, sai ya haɗe da ita ya zama wani gas. A bakin bututu ba shi da launi, ba ka ganin komai. Sai ya yi 'yar tafiya a sama ya ƙara cakuɗa da iskar gari, sannan ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. A lokacin ne kuma yake cin ƙirji."

Ta ce irin wannan tukunyar ma don rage shi aka ƙera ta, shi ya sa yashin ba ya wuce zafin digiri ɗari takwas da hamsin. Shi ya sa kuma ake raba iska biyu, kaɗan a ƙasa, sauran a sama. Ta tambaya ina fankar sama take. Ni na ba ta amsa, na ce ta rasu tun ita tana firamare.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun yaushe yake fita haka?"

"Tun ranar da aka fara juyi ukun."

Can ya tashi ya leƙa taga, ya dubi tutar kamfani, ya bi inda take kaɗawa da ido. Daga nan ana hango farin zannuwan Amarya a kan igiya.

"Matata tana da asma," ya ce, bai juyo ba.

Injiniyar ba ta yi masa ƙarya ba, kuma ina ganin girmanta a kan haka. Ta ce ita ba likita ba ce, ba za ta ce wannan ne ya jawo ba. Amma sananne ne yana tayar da ciwon ga mai shi. Ta ce baƙin ƙurar ma ba alheri ba ne, maganin gaskiya shi ne a gyara fankar sama. Kafin nan ya tsaya a kan ja, kar ya haura, kar kuma ya sauka ƙasa da shi.

Ta rubuta rahotonta ta tafi. Manaja, mutum mai taushin murya wanda bai taɓa cewa a'a ba kuma bai taɓa yin komai ba, ya ce da zarar an sauke odar kwalin da ke gaba za a sayo fanka. Na ga rahoton bayan wata biyu, an ɗora masa butar shayi.

Washegarin tafiyarta Yaya ya tsayar da sitiyari a kan ja. Ya nuna wa mai canjinsa na rana lambobin da na rubuta, ya sa masa ido har shi ma ya bi. Kafin azahar hayaƙi toka-toka ya fito a karo na farko cikin shekara ashirin da uku. A hanyarmu ta komawa gida ya tsayar da ni a gindin katanga.

"Kar ki faɗa mata."

"Yaya, ka haukace ne? Ƙirjinta ne fa."

"In na faɗa mata, me zan ce? In ce ni ne?" Idonsa ya kaɗa. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da muka binne mahaifiyarmu. "Ki bar ni in gyara tukuna. In fanka ta zo, komai zai wuce, ba sai ta sani ba."

Na yi masa alkawari. Cikin duk wautar da na tafka a rayuwa, wannan ce ta fi ci mini rai.

Ba a yi mako ba unguwa ta ɗauka. Ɗigon baƙi a kan wanki, a kan kwanukan da aka kife, a kan gilashin mota. Gaisuwar da ake yi wa Yaya ta fara gajarta, daga baya ta ɗauke. Ya gwada yin bayani sau ɗaya a shagon wanzami, shi da bai iya jera magana biyar ba. Ya ce wanda ba a gani ya fi wanda ake gani illa. Wanzamin ya ce, "To Baba, mu dai a mayar mana da wanda ba a ganin, mun gode." Aka bushe da dariya. Tela ya ce tsufa ne, hannun ya mutu, bakin yana neman abin faɗa.

Ni kuwa ina lura da Amarya. Ba zan rantse ba, amma a watanni ukun nan ban ji fiton nan na safe sosai ba, kuma abin shaƙar kicin ya daɗe bai ƙare ba. Ita ba ta ga haka ba. Abin da take gani shi ne zannuwan da take sake wankewa sau biyu, da mai masaukin da ya fara yi mata ƙorafi, da maƙwabtan da suke yin shiru in ta fito. Duk tarin da ta yi sai ta nuna bututu. Ta tambaye shi, ta lallaɓa shi, ta yi fushi. Amsarsa ɗaya ce: ana kan gyara.

Wata safiya ina kan ma'auni na hango mata sun fi ashirin a bakin ƙofa, kowace da abin da ya ɓaci a hannunta. A gabansu Amarya ce, da zanin gado a naɗe. Na fito a guje ko takalmi ban sa daidai ba.

"Amarya, koma gida. Don girman Allah koma."

"Uwar Tsiwa, matsa. Kunya ta ishe ni a layin nan. Mijina ne, ni ya kamata in fara magana."

Manaja ya fito ya saurare su, hannu a ƙirji. Amarya ta warware zanin ta nuna masa. Ta yi magana da ladabi, ba ta zagi kowa ba. Ta ce mijinta ya yi wa kamfani bauta, kowa shaida ne, amma ƙarfi ya fara ƙarewa, kunne ba ya ji, dare da rana tunani yake. Ta ce ita mai asma ce, wannan baƙin hayaƙin zai kashe ta. Ta roƙi a ba shi aiki mai sauƙi, a sa mai jini a jika a wurin. Ina tsaye, maganar tana bakina, alkawarin yana wuyana. Na dubi manaja, shi da ya karanta rahoton, ko aƙalla ya ɗora masa buta. Ya ce, "Mama, kin yi gaskiya. Za a duba."

Wannan karon kam ya duba. Fanka tana buƙatar oda da jira, sauya mutum kuwa takarda ɗaya ce. Ranar Litinin aka mayar da Yaya filin kwal, yana nuna wa direbobi inda za su juye. Mai canjinsa na rana ya hau kujerar, mutumin kirki ne, mai 'ya'ya shida, ba ya son rigima da kowa. Yaya ya je ya same shi, ya ce, "Ka ga lambar nan da idonka fa." Ya ce, "Na gani, Baba. Amma umarni aka ba ni, kuma kai ka koya min."

Kafin hantsi bututu ya yi fes.

Da yamma na bi ta gidan. Duk tagogi a buɗe, igiyoyi biyar cike, mata suna shigowa suna yi wa Amarya barka. Iska ta tsaya, ko ganye ba ya motsi. Yaya yana zaune a bakin gado da baƙin kwal a wuyansa, bai ko yi wanka ba. Da mutane suka watse ya ce mata ko za ta koma gidana na ɗan lokaci, tunda yana can ɗaya gefen gari, kuma ɗaki ɗaya ba kowa.

Ta yi dariya. "Yanzu da hayaƙi ya tafi? Ko korata kake saboda na kai ƙararka?"

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Yaya, ko ka faɗa, ko in faɗa. Alkawarin na warware shi, Allah ya yafe min."

Shi ya faɗa. Kansa a ƙasa, da 'yan kalmominsa, bai rage komai ba: akwatin, lambobin, juyi ukun, hazon da take cewa yana da kyau. Bai ce ban sani ba, ko da yake gaskiya ce. Amarya ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan cinya. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta zage shi, na ma shirya tare mata.

"Wata ukun nan da nake maka masifa," ta ce a hankali, "riƙe sitiyarin kake yi a kan ja?"

Ya gyaɗa kai.

"Ni kuma na je na cire hannunka."

Ta tashi ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya tana rufewa. A ta uku ta tsaya ta dafa bango, sai na ji fiton nan siriri ya dawo.

Da safe ta ce za ta koma wurin manaja. Ta bi gidajen matan da suka raka ta, ta yi musu bayani a ƙofa. Ɗaya ta ce tana ɗora girki, ɗaya ta ce mijinta ya hana. Matar tela ta ce, "Haba Amarya, don an sauke mijinki?" Yaya yana filin kwal, ni kaɗai na bi ta. Tafiyar minti biyar ce daga gidan zuwa ƙofar kamfani, sau uku muka tsaya tana shaƙar magani.

Mai gadi ya taso da fara'arsa, ya gaishe ta har ƙasa. Ta ce wurin manaja ta zo, a kan maganar hayaƙi. Ya ce manaja yana taro, kuma ya bar saƙo cewa wannan maganar an rufe ta. Ta buɗe baki za ta yi bayani, numfashin bai kai ba. Shi kuma, don ya kwantar mata da hankali, ya ɗaga hannu ya nuna mata sama.

"Mama, ai an gyara," ya ce. "Duba ki gani."